Kurma Ya Je Kallon Rawa

Ranar da na dawo Aujara hutun makaranta
an gama sussukar gero, ƙaiƙayi na bin wuya.
Na tarar da kakana Nomau a gindin tsamiya,
ya shanya gangar noma, fatarta ta saki.
Na ce, Kaka, zo ka ga rawa.
Na miƙa masa waya.

Hoto ne baƙi da fari, sai makyarkyata yake,
ya girmi Kaka, ya girmi uban da ya haife shi.
Mutanen Lakota, in ji rubutun da ke ƙasa,
masu ƙasar Amurka tun baƙi ba su sauka ba.
Gashin tsuntsu a ka, wani abu kamar akayau a ƙafa,
su duƙa, su taka, su zagaya.

Ya kara wayar a kunne. Ya girgiza ta.
"Ƙaro murya."
Na ce babu, Kaka, haka aka ɗauko shi,
injin wancan zamani ido gare shi, ba shi da kunne.
Ya ce, "Ashe kurma ne ya je kallon rawa,
ya dawo yana ba duniya labari."

Kafin akuya ta haɗiye tuƙa, hoton ya ƙare.
"Maido."
Na maido.
Bai dubi fuska ba, bai dubi ado ba,
diddige yake bi, kamar maharbi a kan sawu.
"Ga inda ganga ta faɗi. Ga inda ta numfasa.
Wancan dogon shi ya fi jin ta."

Ya jawo gangarsa, ya ɗauki gula.
Karon farko ya riga su.
Na biyu suka bar shi a baya.
Na uku, wallahi, na ɗan lokaci kaɗan
ƙafa da fata suka faɗi tare,
tsigar jikina ta tashi,
har Tasalla mai dakan maƙwabta ta tsai da taɓarya.

Sai ya tsaya da kansa.

"Ina masu guɗa? Ina yaran da ake kora?
Ina sama?
Bango baƙi a bayansu, katako a ƙarƙashi.
Wannan ba dandali ba ne, jika, ɗaki ne.
Dubi na gefen can, yana satar kallon mai injin
kamar ɗan ƙodago mai duban rana."

Ya tofar da goro, ya ce
wata shekara an kwashe su a akori-kura zuwa Kano,
shi da Jatau da samari takwas da fartanyoyi.
Aka ce su yi noma a kan siminti,
wani mai agogo ya ɗaga yatsu biyar.
"Na kaɗa. An tafa. An ba mu shinkafa da lemo.
Amma kirarin da nake wa Jatau a bakin kunya,
wanda ke sa shi manta ƙishirwa,
a ciki na bar shi, ban fito da shi ba.
Su ma na ga alama sun bar wani abu a gida,
abin da ba a kai wa baƙo kasuwa."

Ya ajiye gula a kan tabarma.
"Ba zan ɗaura musu kiɗana ba.
Zanen aro ba ya rufe katara.
Jikokinsu na nan?"
Na ce suna nan, na karanta har yau suna rawa.
"To gangar na wurinsu. Ba ta ɓace ba.
Mu ne dai ba a gayyata ba."

Caji ya ƙare kafin magariba.

Da dare na fito zagayawa,
farin wata ya sauka a zaure.
Kaka na kwance, ya ja bargo har ka,
numfashinsa na mai barci ne,
amma babban yatsan ƙafarsa, a waje,
yana dukan gefen gadon kara
sannu, sannu,
da wani taki da ba na garinmu ba.